Tantance Masu Neman Aiki A Ingila: Kada A Bar Wa Na'ura Ita Kaɗai

Da wuya a sami gari a ƙasar nan inda babu gidan da ɗansa ko 'yarsa ke Ingila, wasu karatu, wasu aikin jinya, wasu kula da tsofaffi. Abin da suke aikowa shi ke biyan kuɗin makarantar ƙanne da maganin iyaye. Saboda haka duk wata doka da ta taɓa aikinsu a can, ta taɓa tukunyarmu a nan. Wannan ne ya sa muka ga ya wajaba mu yi tsokaci a kan yadda ake tantance masu neman aiki a ƙasar Birtaniya ta hanyar na'ura.

Tun shekarar 1997 doka ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata a Birtaniya nauyin tabbatar da cewa wanda zai ɗauka yana da izinin yin aiki. A da, mutum kan kai fasfonsa ofis, a duba, a yi hotonsa a ajiye. Daga ranar 6 ga Afrilu 2022 aka ba masu kamfanoni damar yin hayar wasu kamfanonin tantancewa su yi musu wannan aiki a kan 'yan Birtaniya da 'yan Ailan masu fasfo da bai ƙare ba. Mai neman aiki zai ɗauki hoton fasfonsa da waya, ya ɗauki hoton fuskarsa, na'ura ta gwada su biyun ta ce shi ne ko ba shi ba ne.

Baƙi kuwa, irin 'yan uwanmu, hanyarsu dabam ce. Katin zama da ake ba su a hannu ya daina aiki a ƙarshen shekarar 2024, an mayar da izininsu cikin kwamfutar Ma'aikatar Cikin Gida. Idan mutum ya sami aiki, sai ya shiga intanet ya ciro wata lamba mai haruffa da alƙaluma 9, wadda ke aiki na kwana 90, ya ba mai kamfani tare da ranar haihuwarsa. Nan take hotonsa zai fito, da irin aikin da aka yarda ya yi, da ranar da izininsa zai ƙare. Idan ɗalibi ne, za a ga iyakar da aka yi masa, wadda ga mai karatun digiri ita ce awa 20 a mako lokacin da makaranta ke buɗe.

Ba mu ƙi wannan tsari ba. Babu shakka ya toshe ƙofofi da yawa na masu buga takardun jabu, ya kuma rage wa mai gaskiya wahalar yawo da fasfo daga wannan gari zuwa wancan. Kowace ƙasa tana da ikon sanin wanda ke aiki a cikinta. Amma akwai abin da ya kamata a duba da idon basira.

Daga watan Fabrairu 2024, tarar wanda ya ɗauki ma'aikaci marar izini ta kai fam 45,000 a kan kowane mutum ɗaya a karon farko, in ya sake kuma fam 60,000. Mai ƙaramin shago da wannan tara ke rataye a wuyansa, idan kwamfuta ta ƙi nuna bayanin mai neman aiki, ko ta nuna suna da kuskure, wa zai tsaya yi masa bincike? Abu mafi sauƙi gare shi shi ne ya ce a je za a neme ka, ya kira na bayansa. Gwamnati ta tanadi wani sashe da mai kamfani zai iya tuntuɓa idan an sami tangarɗa, amma amsa kan ɗauki kwanaki, aikin kuwa ba ya jira. Ta haka mai gaskiya zai rasa abincinsa ba tare da an ce ya yi laifi ba.

Ba zato muke yi ba, an taɓa gani. A shekarar 2018 asirin abin da ake kira badaƙalar Windrush ya tonu. Mutane ne da suka shiga Birtaniya kafin 1973, akasarinsu daga Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan, har da 'yan Afirka ta Yamma, waɗanda doka ta ba su izinin zama na dindindin amma ba a ba su takardar shaida ba. Katunan saukarsu ma ma'aikatar ta lalata su a 2010. Da aka tsananta bincike, sai aka kori waɗansu daga aikin da suka shekara talatin suna yi, aka hana waɗansu magani, aka tsare waɗansu, har aka fitar da waɗansu daga ƙasar. Sai da Ministar Cikin Gida Amber Rudd ta yi murabus a watan Afrilu na wannan shekara. Waɗannan bayin Allah suna da haƙƙi, rajista ce ba ta san da su ba. Na'ura kuwa abin da aka zuba mata shi take amayarwa.

Akwai kuma batun fuska. A 2019 hukumar gwajin fasaha ta gwamnatin Amurka ta gwada manhajojin gane fuska 189, ta gano cewa da yawansu sun fi yin kuskuren ɗaukar wani a matsayin wani idan baƙar fata ne ko ɗan Asiya. An sami ci gaba tun daga lokacin, amma wannan ya isa dalilin da zai hana a ɗauki hukuncin na'ura a matsayin yankan wuƙa.

A namu ra'ayin, tilas ne a bar ƙofar da ɗan Adam zai saurari ɗan Adam. Duk wanda na'ura ta ƙi, a ba shi damar kawo hujjarsa cikin gaggawa, a kuma riƙe masa gurbinsa har a gama bincike. Ofishin jakadancin Nijeriya da ke Landan shi ma yana da aiki a nan, domin ɗan ƙasa da ya rasa aiki saboda kuskuren rajista bai kamata a bar shi shi kaɗai ba.

Ga 'ya'yanmu da ke can, muna jan kunne. Kada kowa ya yi aiki da sunan wani ko lambar wani, komai matsi, domin hukuncinsa ya haɗa da ɗauri da ƙwace albashi da kora, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya sabunta fasfo ya hanzarta sanya sabuwar lambar a asusunsa na intanet. Kowa ya buɗe bayanansa ya duba tun kafin ranar da za a nema. Iyaye kuma su sani cewa tun watan Yuli 2025 Birtaniya ta rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, don haka duk dillalin da ya ce a sayar da gona zai samo wannan biza, a guje shi.

Mu ma a gida idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Lambar ɗan ƙasa ta NIN ta riga ta zama sharaɗin yin fasfo da rubuta jarrabawar JAMB. Mu nawa ne sunanmu ke Yakubu a wannan takarda, Jacob a waccan? Mu nawa ne aka ƙiyasta mana ranar haihuwa a bakin tebur? Ranar da ɗaukar aiki a nan zai koma hannun kwamfuta gaba ɗaya, irin waɗannan ne za su fara shan wuya. Muna kira ga iyaye su yi wa yara rajistar haihuwa da suna ɗaya da rubutu ɗaya, ga hukuma kuma ta sauƙaƙa gyaran kuskure, ta kawo shi kusa da talaka. Rigakafi ya fi magani.