Iya jan Haojue ba shi ne lasin hawa babur ɗin tsere ba

Wata ɗabi'a ta kunno kai a tsakanin samarin Njamena, kuma mu da muke kwana muke tashi a Dembe muna jin ta a jikinmu. Yaro zai shekara ɗaya ko biyu yana jan ƙaramin mashin, Haojue ko Boxer, daga gida zuwa makaranta ko shagon babansa, sai a wayi gari a gan shi a kan ƙaton babur na tsere, irin su Yamaha R6 ko Kawasaki Ninja, wanda wani ya gama cin moriyarsa a ƙasar waje. Ba wanda ya koya masa, ba wanda ya gwada shi. In ka yi magana a ce maka: "Ai ya iya mashin, babur duk babur ne." Wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai kai mutum kabari.

Kwanakin baya da la'asar sakaliya, a bakin kasuwar Dembe, lokacin da 'yan kilando, wato 'yan acaɓa, da motocin haya da masu tura kaya suka cushe hanya, na ga wani saurayi a kan irin wannan babur. Silifas ne a ƙafarsa, kansa ba hular kwano, kuma da ƙyar yatsun ƙafarsa suke taɓa ƙasa. Yana ta murza totur don a kalle shi. Da hanya ta ɗan buɗe ya saki kuloci, sai babur ɗin ya yi tsalle da shi kamar zai tashi sama. Wata baiwar Allah mai ɗauke da faranti na tumatir ta yi ta kanta ta faɗa gefen kwata, kayanta suka watse a ƙarƙashin tayoyi. Bai ko waiwayo ba. Wani dattijo mai sayar da goro ya taimaka mata ta miƙe yana cewa, "Sannu 'yata, Allah ya tsare gaba." Ita kuwa tsintar abin da ya rage take yi tana lissafin asarar jarinta na ranar.

Bari in faɗa wa masu cewa babur duk babur ne bambancin. Mashin ɗin da 'yan kilando ke nema da shi, injinsa tsakanin cc 100 ne zuwa 150, ƙarfinsa bai wuce na doki goma da ɗoriya ba. R6 kuwa injinsa cc 599 ne, ƙarfinsa ya haura na doki 100, kuma cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu yana kai gudun kilomita 100 a awa. Murzawar totur da za ta sa Haojue ya ɗan ƙara sauri, a wancan ita ce za ta ɗaga tayar gaba. Birkinsa na gaba faifai biyu ne, yatsa biyu sun ishe shi, kuma yaron da ya saba damƙe birki da hannu duka, ranar da ya damƙe wannan a kan rairayin da iska ke sharowa kan kwaltarmu, tayar za ta ƙulle ya kifa. Nauyinsa ya doshi kilo 190. Mai gudun kilomita 100 yana cinye kusan mita 28 a duk daƙiƙa guda, kafin ma hannunsa ya kai ga birki. Kuma in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata kafin ya tsayar da abin hawa ninki huɗu take yi. To ina wannan fili yake a Dembe, inda ko yaushe akwai yaro mai tsallaka titi, ko akuya, ko rami da damina ta bari?

Wasu ƙasashen da ake yawan hawa waɗannan babura ba su yarda a yi musu hawan ƙawara ba. A Tarayyar Turai lasin babur hawa-hawa ne. Akwai A1, wanda bai wuce cc 125 ba, sai A2 mai iyakar kilowat 35, sannan babban lasin. A Faransa, tun 2016, dole mutum ya shekara biyu da A2 kuma ya ƙara horo kafin a ba shi izinin hawa babba, ko da furfura a kansa. Su da suke da titi mai kyau da motar asibiti mai zuwa cikin mintuna suka ga wajibi ne a bi mataki. Mu kuma mun ce kuɗin saye kaɗai ya isa shaida. Kakanninmu sun riga Turawa faɗa: da rarrafe yaro kan tashi. Ba a ɗora yaron da ya saba da jaki a kan ingarman doki ranar hawa, a ce masa ai dabba duk dabba ce.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙara. Wallahi ƙarar nan ta ishe mu. Abu na farko da yaro yake yi in ya sayi babur ɗin shi ne ya kai wa bakanike a cire cikin salansa ko a sa wata mai ruri. Ba don ta ƙara masa komai ba, sai don unguwa ta san ya iso. Ƙarfe sha biyun dare, a watan Afrilu da zafi ke haura maki 40, mutane sun baje a tsakar gida don ɗaki ba ya kwantuwa, wutar lantarki babu, da ƙyar uwa ta lallaɓa jinjiri ya yi barci, sai wani ya ratsa layi da ruri har kwanon rufi yana amsawa. Jinjiri ya farka da kuka, tsoho mai hawan jini ya zabura, ɗalibin da ke shirin jarrabawa ya rasa inda ya tsaya a karatu. Mai gadi da ya kwana a tsaye, ya dawo da safe zai runtsa, shi ma bai tsira ba. Ana cikin sallah a masallaci liman ya yi shiru sai an wuce, maƙwabtanmu Kirista suna ibadarsu ranar Lahadi su ma haka. Kuma ba wucewa ɗaya yake yi ba, sai ya kai ƙarshen layi ya juyo, ya tsaya a ƙofar shago yana murzawa babur na tsaye. Me ya yi zafi? Wa ya tambaye ka? Wai sai su ce ƙarar ce ke sa masu mota su ji zuwansu su kauce. Da tsakar dare a lungun da ba mota, wa kake so ya kauce? A cikin wasiyyar Luƙman ga ɗansa an hana tafiyar taƙama, an yi umarni da tsakaita tafiya da sassauta murya. Duk mun karanta wannan tun muna makarantar allo. Haƙƙin maƙwabci kuwa ba sai na tuna wa kowa girmansa ba.

Sai batun ɗaukar bidiyo. Yanzu ba a yin ganganci sai da mai riƙe waya a baya, a ɗora a TikTok ko Facebook a tara masu yabo. Haka ake yi a rakiyar amarya, a tare hanya, a riƙa ɗaga taya, a mai da ranar farin ciki ranar zaman makoki. Masu danna yabon nan ba ɗaya daga cikinsu da zai zo ya kwana da kai a asibiti, ko ya biya kuɗin ƙarfen da za a sa maka a cinya.

Hular kwano ma abin kunya ne. Mutum ya iya tara miliyoyin sefa ya sayi babur, amma hula ta gagare shi, wai zafi, wai tana ɓata kwalliya. Wannan taurin kai ba namu ba ne mu kaɗai: a 2009, da aka tilasta sa hular a Najeriya, har ƙoƙo wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka don su yaudari jami'ai. Kansu suka yaudara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen in an auna da yawan jama'arta. In ka kawo wannan sai a ce maka kowa da ranarsa. Gaskiya ne, amma Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kuma Alƙur'ani ya hana mu jefa kanmu ga halaka. Ƙaddara ba ta zama mafakar mai ganganci ba, balle in ran wani ya tafi a sanadinsa.

Laifin ba na yaran ba ne su kaɗai. Alhaji, kai da ka ba da kuɗin don a ce ɗanka ya fi na wane, ka tambayi kanka abin da ka saya masa. Hajiya, ke da kika sayar da zinariyarki don ya daina fushi, wa zai share miki hawaye in aka shigo da shi a tabarma? Dillalai kuma ku ji tsoron Allah. Kuna sayar da babur mai tsofaffin tayoyin da suka bushe, kun san bakaniken unguwa ba shi da kayan gyaransa, kun san man kwalba na bakin hanya zai riƙa zuba masa, kun kuma ga yaron ƙafarsa ba ta kai ƙasa, amma riba ta rufe muku ido.

Ban ce sha'awar babban babur haramun ba ce. Wanda yake so ya bi hanyarta: daga 125 ya koma 250 ko 300, ya daɗe a kai, ya sami gwani ya koya masa birki da kwana a fili ba a kasuwa ba, ya sayi hula da safar hannu da takalmi kafin ya sayi babur, ya bar salansa yadda kamfani ya ƙera ta. Hukuma kuma ta raba lasin babur aji-aji, ta riƙa kama masu fasa salansa. Masu unguwa da limamai da fastoci su yi magana da babbar murya tun kafin a fara kirga gawa. Uban da ya miƙa wa ɗansa makullin babur ɗin tsere alhali ya san bai ƙware ba, to ya sani yana da kaso a duk jinin da aka zubar, kuma za a tambaye shi.