Ƙarin Sifirin Ba Ƙarin Birki Ba Ne

Kawuna yana da akori-kura, Peugeot 504, wadda yake kai hatsi kasuwar Dawanau da ita. Da hutu ni ne karen motarsa. Bara ya sa bakanike ya ƙara mata sifirin don ta ɗauki buhuna fiye da ƙa'ida. A ganina wannan kuskure ne. Sifirin yana hana mota durƙushewa, amma birki da taya suna nan yadda suke. Da damina ta kafe cikin laka, sai da muka sauke rabin kayan ta fita. To, da a gangare birki ya ƙi ci fa?

Iyayenmu masu motoci, ku rage lodi. Gara sawu biyu da asarar rai.