A Yi Hattara Da Kwamfuta 'Yar Gwanjo

Edita,

Ka taimaka mini da fili a jaridarka mai farin jini in ja kunnen 'yan'uwana talakawa.

Tun 2015 da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ɗan ƙauye ke shan wuya. Shi ya sa na sayar da wakena na sayo wa ɗana kwamfutar tafi-da-gidanka 'yar gwanjo a Gusau, don hannunsa ya saba. Ba a yi wata ba sai rubutu ya fito a allonta, wai Windows ɗin ba shi da lasisi. Ashe na jabu ne. Mai gyara ya ce in kawo kuɗi ya "fasa" shi, amma wani malami ya hana, ya ce ta nan ɓarayi ke cusa ƙwayar cuta su kwashe bayanan banki.

Ga wata kuma. Kamfanin Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su ɗaukar Windows 11. Irinsu ake jibgo mana. Lallai araha ba ta ado.

Malamin ya sa mata Linux Mint, wanda kyauta ne kuma halal, yaro na ta koyo. Jama'a, kafin ku biya, a kunna a nuna muku lasisi. Gwamnati kuma ta dubi Allah ta buɗe wa yaranmu wurin koyon kwamfuta.

Naku,
Wani manomi,
Bagega, Ƙaramar Hukumar Anka.