Tsohuwar tirelar maigida da ruwan da yara za su sha

Wannan makon daga Ohio nake rubuto muku, hannuwana duk dauɗa.

Maigida ne ya sayo tsohuwar tirela ƙirar Airstream ta 1968, irin ɗakin nan na alminiyam da ake ja da mota, da gado da kicin da bayi a ciki. Shi ƙyallinta ya tafi da shi. Ni kuwa tambayata ɗaya ce: ruwan da zai fito daga famfonta, yarana za su iya sha?

Da muka buɗe ƙarƙashin kabad-kabad, sai ga bututan jan ƙarfe, biyu sun fashe saboda ruwa ya daskare a cikinsu lokacin sanyi. Maigida ya ce a liƙe su kawai. Na ce sam. A wancan zamanin da dalma ake liƙe mahaɗar irin waɗannan bututan, kuma sai a 1986 Amurka ta hana amfani da ita a bututun ruwan sha. Wadda ta ji abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba za ta yi sakaci da wannan ba.

Mun cire su duka, muka sa na roba da ake kira PEX, ja na ruwan zafi, shuɗi na sanyi. Tankin kuma muka zuba masa rubu'in kofin bilic ga kowane galan 15 na ruwa, ya kwana, muka yi ta ɗauraye shi har warin ya fita.

Har yanzu yana ƙorafin kuɗin da aka kashe. Fentin da yake so dai sai baɗi.