Ziyarar Waliyyai Ma Tarihi Ce

A ƙarni na 13, Kiristocin Turai kan adana ƙasusuwan waliyyansu cikin akwatunan zinariya, su zana surarsu a majami'u. Musulmin ƙasar Katsina ba su zana sura ba. A kushewa suka nemi albarkar waliyyi, kamar ta Ɗan Marina da ta Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Muhawarar bidi'a ta sa manazarta kaffa-kaffa da batun ziyara, alhali hukunci na malaman fiƙihu ne, taskacewa kuwa ta manazarci. Rikicin dajin Rugu yana tarwatsa dattawan Batsari da Safana, masu sanin ladubban ziyarar da labaranta. Abin da ba a ɗauka daga bakinsu yau ba, zai bi su kushewa.