Ɗakin Gwaji na Kwaikwayo a Gida: Tarbiyyar Kunne Kafin Takardar Shaida a Fagen Sadarwar Murya

Gabatarwa

A bankuna da asibitoci da manyan ofisoshi da dama a yau, kiran waya ya daina bin igiyar tagulla tasa ta musamman, ya koma bin hanyar da saƙonnin kwamfuta suke bi. Akan daddatsa murya, a ɗaure ta ƙunshi-ƙunshi, a aika, sannan a sake harhaɗa ta a kunnen mai sauraro. Masu kula da wannan tsari sukan nemi takardar shaidar ƙwarewa, kuma wadda ta fi shahara ita ce ta kamfanin Cisco na Amurka. A da ana kiran matakin farko CCNA Voice. A 2015 aka maye gurbinsa da CCNA Collaboration, sannan ranar 24 ga Fabrairu, 2020 aka soke shi, aka mayar da fannin murya zuwa matakin CCNP Collaboration, wanda babbar jarrabawarsa, mai lamba 350-801, take cin dala 400. Wanda zai biya wannan kuɗi dole ya yi tunanin inda zai yi atisaye. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ɗakin gwaji na kwaikwayo da ɗalibi zai gina cikin kwamfutarsa ya wadatar a mafi yawan karatun, da sharaɗin ya mayar da shi wurin lalata kira da gangan da sauraron sakamakon, domin a nan ne ƙwarewa take samuwa.

Yadda Ake Gina Shi

Tsohuwar hanya ita ce a sayi na'urorin rarraba hanya na hannu, da wayoyin tebur, a jera su a ɗaki. Wannan yana buƙatar kuɗin waje da wutar lantarki mai ɗorewa, abubuwa biyu da ɗalibi a Kano ko Sakkwato ba ya da tabbacinsu. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa tana ɗauke da batirinta, kuma ɗakin gwajin gaba ɗaya zai iya zama a cikinta.

Kayan aikin sun daɗe da samuwa kyauta. Christophe Fillot ya rubuta Dynamips a 2005, manhajar da take kwaikwayon ƙwaƙwalwar na'urorin Cisco irin su 3725 da 7200. GNS3 ta ba ta fuska, ta yadda ɗalibi zai ja na'urori a allo ya haɗa su da igiyoyin zane. Asterisk, wadda Mark Spencer ya ƙirƙira a 1999, tana mayar da kwamfuta mai Linux cikakkiyar cibiyar haɗa kira. Da VirtualBox za a iya kafa irin waɗannan cibiyoyi guda biyu cikin kwamfuta ɗaya, a kira ɗaya reshen Kano mai lambobi daga 1000, ɗayar reshen Zariya mai lambobi daga 2000, a haɗa su. Manhajar kira irin Linphone za ta tsaya a matsayin wayar tebur. Wireshark kuma za ta kama kowane ƙunshi da ya wuce, har ta sake kunna muryar da ke cikinsa.

Abin da Ya Sa Ya Wadatar

Hujja ta farko ita ce, ginshiƙin sadarwar murya ƙa'idoji ne na kowa da kowa. Ƙa'idar SIP, wadda aka tsayar a 2002 cikin kundin RFC 3261, ita take buɗe kira ta rufe shi. Ƙa'idar RTP ita take ɗaukar muryar kanta. Saƙon INVITE da amsoshin 180 da 200 da ɗalibi zai gani a Asterisk su ne dai zai tarar a na'urorin Cisco. Ganin su yana warware matsalar da take rikita masu farawa, wato kiran da yake shiga, waya ta yi ƙara, a ɗauka, amma ɓangare ɗaya kaɗai yake jin ɗaya. Dalili shi ne saƙon haɗa kira da muryar kowanne da hanyarsa, kuma adireshin da aka rubuta cikin saƙon yana iya zama na cikin gida wanda ba a isa gare shi daga waje. Wanda ya haddasa wannan da hannunsa, ya bi sawunsa a Wireshark, ba zai buƙaci hadda ba.

Hujja ta biyu ta shafi lissafi. Tsarin matse murya na G.711 yana ɗaukar samfurin sauti sau 8,000 a sakan, kowanne bit 8, wato kilobit 64. Idan kowane ƙunshi ya ɗauki milisakan 20 na magana, ƙunshi 50 ke nan a sakan, kowanne da bayit 160 na murya da bayit 40 na bayanan adireshi da jeri, jimilla kilobit 80. G.729 yana matse muryar zuwa kilobit 8, amma bayanan nan ba sa raguwa, sai kiran ya tashi a kilobit 24. A littafi waɗannan alƙaluma ne kawai. A ɗakin gwaji ana ƙirga su a allo.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi. Shawarar G.114 ta Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta nuna cewa jinkirin da bai wuce milisakan 150 ba, daga baki zuwa kunne, ba ya damun yawancin hira. A Linux akwai netem, wadda da umarni ɗaya za ta ƙara wa hanya jinkirin milisakan 300, ko ta zubar da kashi 5 cikin 100 na ƙunshi, ko ta sa su riƙa isowa a hargitse. Ɗalibi ya kira abokinsa ta wannan hanya, ya ji yadda suke katse juna, sannan ya ba murya fifiko da alamar DSCP 46 a hanyar da ya cunkushe, ya ji bambancin. Babu ofishin da zai bar mai koyo ya yi wa layukansa haka. Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma a wannan fage ji ne yake tabbatar da abin da aka gani.

Iyakar Kwaikwayo

Masu fifita na'urori na zahiri suna da tasu hujjar, kuma ba ta wasa ba ce. Dynamips ba ta kwaikwayon guntun sarrafa sauti na DSP, ba ta kuma kwaikwayon kafofin FXS da FXO da ake haɗa tsofaffin wayoyi da layukan waje da su. Layin E1 mai hanyoyin murya 30 shi ma ba ya samuwa a allo. Packet Tracer ta Cisco tana da wayoyi, sai dai umarnin da take karɓa kaɗan ne. Bayan haka, manhajar na'urorin Cisco tana ƙarƙashin lasisi, kuma samun ta a intanet bai halatta amfani da ita ba.

Duk da haka, waɗannan giɓi suna da magani mai sauƙi. Ƙaramar na'urar ATA, wadda take haɗa wayar gida da hanyar kwamfuta, za ta koya wa hannu abin da allo ya kasa. Domin sanin manhajar Cisco ta sarrafa kira kuwa, kamfanin yana da dandalin DevNet Sandbox inda ake aron na'urori daga nesa na ɗan lokaci. Haɗarin gaske yana wani wurin daban: ɗalibin da ya kwafi shiryayyen tsari, ya ga waya ta yi ƙara, ya ɗauka ya iya. Wannan da wanda ya haddace amsoshin jarrabawa na sata duk kanwar ja ce, domin ranar da layi ya mutu a wurin aiki, takarda ba za ta ta da shi ba.

Ruwan Masu Nazarin Hausa a Ciki

Abin da yake tafiya cikin waɗannan ƙunshi magana ce, kuma magana fagenmu ce. Wayar gargajiya tana wucewa da sautin da ke tsakanin zagaye 300 zuwa 3,400 a sakan, alhali amon tushe na muryar namiji yakan kasance ƙasa da 300. Kunne ne yake gano shi daga amon da ke bisansa. G.722 kuwa ya faɗaɗa iyakar daga 50 zuwa 7,000. Hausa harshe ne da karin sauti da tsawon wasali suke ɗauke da ma'ana. “Ya zo” a rubuce abu ɗaya ne, a baki kuwa yana iya zama shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya ko na biyu, ko umarni, ko lokaci mai zuwa na biyu. Bambancin “kafa” da “ƙafa” yana rataye ne a kan ɗan taƙaitaccen lokaci a farkon kalma. Me yake faruwa idan ƙunshin milisakan 20 da ya ɓace ya faɗo daidai wurin? A wane mataki na matsewa mai sauraro zai fara kasa rarrabe “fara” ta ƙwaro da “fara” ta launi? Ɗakin gwajin da aka bayyana a sama, tare da jerin kalmomi masu kusancin furuci da masu sauraro kaɗan, ya isa a fara amsa waɗannan tambayoyi ba tare da jiran tallafin waje ba.

Akwai kuma batun kalmomin fannu. Kalmar da aka ƙirƙira a zauren taro takan mutu a takarda, wadda kuwa ɗalibai suka yi ta faɗa suna neman inda kira ya maƙale ita take rayuwa.

Kammalawa

Ɗalibin da zai fuskanci jarrabawar murya ya fara da kwamfutarsa, da Asterisk da Wireshark da netem, ya ajiye littafin da zai riƙa rubuta kowace matsala da ya haddasa, da abin da ya ji, da yadda ya gyara. Ya sayi na'ura ta zahiri ne kawai idan ya iso abin da kwaikwayo ya gaza. Sassan Hausa na jami'o'inmu kuma su nemi irin waɗannan ɗalibai a sassan kimiyyar kwamfuta da injiniyanci, domin kayan da suke atisaye da su sun dace da binciken furuci da karin sauti da muke da buƙatarsa.