Baturen daji da ya tara malaman addinai a kan dashen itace

Sharhinmu na yau waiwaye ne kan rayuwar Richard St. Barbe Baker, Baturen Ingila da ya rasu ranar 9 ga Yuni, 1982, a birnin Saskatoon na ƙasar Kanada, yana da shekara 92. Sunan bai shahara a ƙasar Hausa ba. Amma mutumin ya yi aikin gandun daji a Najeriya, ya ratsa Sahara da mota, kuma ya shafe shekara sittin yana neman Musulmi da Kirista da Yahudu da masu addinin gargajiya su haɗa hannu a kan abu guda, wato raya itatuwa.

An haife shi ranar 9 ga Oktoba, 1889, a ƙauyen West End da ke yankin Hampshire. Gidansu gidan addini ne, akwai limaman coci cikin kakanninsa, mahaifinsa kuma yana da wurin renon itatuwa, don haka yaron ya tashi hannunsa cikin ƙasa da iri. Da ya zama saurayi sai ya haye Kanada da niyyar karatun addini da wa'azi. Kuɗin makaranta ya kai shi sansanin masu saran katako kusa da garin Prince Albert, inda ya riƙe gatari da zarto kamar kowane lebura. A nan ya ga yadda ake kwantar da daji sukutum, a zaɓi gumaguman da za su yi kuɗi, a bar sauran suna ruɓewa a ƙasa. Ya kuma ga manoma suna buɗe fili ba su bar ko itace ɗaya da zai tare iska ba. Abin ya tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse masa karatu. Ya shiga soja, ya ji rauni a Faransa, da ya warke sai ya karanci ilimin gandun daji a Jami'ar Cambridge. A 1920 gwamnatin mulkin mallaka ta tura shi Kenya a matsayin jami'in gandun daji.

Ya kamata mai sauraro ya san irin aikin. Jami'in daji na wancan zamani ba mai hana sara ba ne. Shi ke auna daji, ya sa wa itacen da ya isa sara alama, ya ba kamfani lasisi, ya karɓar wa gwamnati kuɗinta. Baker mutumin katako ne, ya san farashin gungume, kuma bai taɓa cewa sare itace haramun ne ba. Abin da ya ƙi shi ne a ci daji kamar babu gobe. A tsaunukan ƙabilar Kikuyu ya tarar da tuddai sun yi sanƙo, ruwan sama yana kwashe ƙasar noma. Ya ɗora wani kaso na laifin a kan yadda mutane ke sassabe suna ƙonawa. Sai dai adalci ya sa a faɗi abin da rahotannin Turawa ba su cika faɗa ba: Turawa 'yan kama-wuri-zauna sun ƙwace filaye mafi albarka sun matse 'yan ƙasa, jirgin ƙasan da suka shimfiɗa kuma da itace ake hura masa wuta.

Dabarar da ya yi a nan ita ta bambanta shi da takwarorinsa. Maimakon doka da tara, sai ya lura cewa Kikuyu ba sa fara wani babban aiki, shuka ko girbi, sai da rawa da biki. Ya tuntuɓi wani basarake, Josiah Njonjo, suka kira rawar itatuwa a Muguga ranar 22 ga Yuli, 1922. Samari kusan 3,000 suka hallara. Aka zaɓi 50 daga cikinsu, suka yi alkawari a gaban Ubangijin da suke kira Ngai cewa kowannensu zai dasa itace goma a shekara, zai kula da itatuwa duk inda ya gan su, zai kuma yi aikin alheri ɗaya kowace rana. Aka kira su Watu wa Miti, mutanen itatuwa. Baker, ɗan gidan limaman coci, bai ce sai sun sauya addini kafin su yi rantsuwar ba. Ya bar su sun rantse da abin da suke tsoro, domin ya fahimci cewa alkawarin da mutum ya ɗauka a gaban Ubangijinsa ya fi wanda ya ɗauka a gaban jami'i ƙarko.

Zamansa a Kenya bai yi tsawo ba. Wata rana wani Bature ya ɗaga hannu zai doki wani ma'aikaci Bakikuye, Baker ya shiga tsakani, dukan ya sauka a kafaɗarsa. Manyansa ba su yafe masa wannan ba. A 1924 ya kafa ƙungiyar Men of the Trees a Ingila, aka kuma mayar da shi kudancin Najeriya, inda ya yi aiki har wajen 1929 a dazuzzukan manyan itatuwan katako, dangin maɗacin da muka sani, amma masu kaurin da mutum uku ba sa rungumewa. Zamani ne da ake kayar da su, a ja gumaguman zuwa bakin rafi, a ɗaure su ruwa ya kai su Sapele, daga nan jiragen ruwa su wuce da su Turai a yi kujeru da ƙofofi. Damuwar Baker a nan ita ce lissafi: nawa ake sarewa, nawa ke tasowa a madadinsu. Wanda ya san halin da gandun dajin jihohin Edo da Delta ke ciki a yau ya san cewa ba a bi wannan lissafi ba.

A cikin waɗannan shekaru ya karɓi addinin Baha'i. A 1929 Babban Kwamishinan Ingila a Falasɗinu, Sir John Chancellor, ya gayyace shi ya taimaka wajen raya tuddan ƙasar da suka bushe. Baker ya fara da shugaban Baha'i, Shoghi Effendi, wanda ya zama mamba na farko na dindindin a reshen Men of the Trees na can. Daga nan ya bi shugabannin Musulmi da na Yahudu da na Kirista har suka amince su mara wa shirin dashen baya. A tuna cewa a watan Agustan wannan shekara aka yi mummunar tarzoma a kan bangon Buraƙ a Birnin Ƙudus, aka rasa rayuka da yawa. Dashen itace bai hana wannan ba, kuma babu mai hankalin da zai ce zai iya hanawa. Abin da Baker ya yi ƙarami ne amma na gaske: bai tara malaman don su yi muhawarar aƙida ba, ya nemo aikin da kowannensu zai iya samun hujjarsa a cikin addininsa, ya ce su yi shi tare.

Shekarun 1930 ya yi su yana yawo a Amurka, yana fafutukar ceto manyan itatuwan California masu shekaru fiye da dubu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hankalinsa ya koma Afirka. A 1952 ya jagoranci wata tawaga suka ratsa Sahara da mota daga Aljeriya, a 1964 kuma ya sake zagaya ƙasashen da ke gefenta. Ya dawo da shawara mai girman gaske: a ja shingen itatuwa mai faɗin kilomita 50 a bakin hamada don a tare ta. Mutane da yawa suka ɗauke shi mai mafarki. Sai ga shi a 2005 Shugaba Olusegun Obasanjo ya farfaɗo da maganar, a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin shingen itatuwa mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. A Najeriya shirin ya shafi jihohi 11 na arewa, daga Kebbi da Sakkwato har Yobe da Borno, an kuma kafa masa hukuma a 2015.

A nan ne ya dace a auna Baker da ma'aunin gaskiya. Masana sun nuna cewa Sahara ba tafiya take yi kudu a jere ba, har a ce za a gina mata katanga. Ƙasa tana lalacewa ne wuri wuri, inda aka sare, aka noma ba hutu, aka yi kiwo fiye da kima. Miliyoyin dashen da aka yi a layi a yankin Sahel sun mutu tun kafin su shekara, saboda ba su da mai shi. Rani ya yi, ba mai ba su ruwa, awaki su gama da sauran.

Inda abin ya ci, a Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar ne, kuma hanyar ta fi kama da ta Muguga fiye da ta katanga. A 1983 wani ɗan mishan daga Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda shi ma ya sha dasawa suna mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sharewa duk shekara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin ba wuya. Manomi ya zo kan kututture, ya zaɓi toho biyu ko uku mafi ƙarfi, ya sassabe sauran da wuƙa ko lauje, ya kare waɗanda ya bari. Cikin 'yan shekaru ya samu itacen girki da harawa da inuwa. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, don haka gero na samun rana a ƙarƙashinsa, ƙasar kuma ta sha taki. Wannan sassabin zamani ya bazu daga gona zuwa gona, musamman da aka sassauta dokar da aka gada daga Faransa, wadda ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati. Masu bincike sun ƙiyasta an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Kirista ne ya nuna, manoma Musulmi suka ɗauka suka inganta, ba wanda ya tambayi addinin wani.

Baker bai ga wannan ba, shekara ɗaya ta raba. Ƙungiyarsa tana nan, tun 1992 da sunan International Tree Foundation, tana kuma aiki da al'ummomi a Kenya. A arewacin Najeriya kuwa kowace damina ana ƙaddamar da dashen itatuwa, manya su dasa ɗaya su zuba ruwa a ɗauki hoto. Da wuya ka ga an kira limamin Juma'a da faston garin da sarkin noma da ardon Fulani an damƙa musu dashen, an ce wannan layi na masallaci ne, wancan na coci, ga wanda zai ba da ruwa daga Nuwamba zuwa Mayu. Hukumomin jihohi 11 ɗin nan suna da hurumin yin haka tun daga daminar bana, kuma ba ya buƙatar sabon kasafi.